Tambayi Mai Zane: Me ya kai ka tsohuwar marina?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun fi ƙarfin filin, don haka na tsamo biyar, sauran su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Daga Marwa ta arewacin Kamaru nake rubutu. Hazo ya lulluɓe dutsen bayan gari har ba a ganin kansa, mayo, wato kogin garin, ya ƙafe ƙaf, yara na buga ƙwallo a tsakiyar yashinsa. Wasu wasiƙun sun zo a gauraye da Faransanci da Fillanci, na daidaita su zuwa Hausa amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Garwa: Malam, na ji ka a rediyo kana cewa ka yi shekara biyu kana bincike kafin ka fitar da zane goma sha biyu kacal. Ni dai na san malamin jami'a da bincike, na san ɗan sanda da bincike. Mai zane kuma me zai bincika? Ba burushi zai ɗauka ya zana abin da idonsa ya gani ba? Ko dai kalmar ce Turawa ke son ji kafin su saki kuɗi?

AMSA: Ɗana, ƙarshen tambayarka ya sa ni dariya har shayi ya sarƙe ni. Ban ce ka yi ƙarya ba kuwa, akwai masu cusa kalmar a takardar neman tallafi alhali iyakar binciken nasu latsa waya ne daren jiya. Amma bari in ba ka labarin shekara biyun nan, sai ka yanke hukunci da kanka.

Kakana marini ne. Iyayensa daga ƙasar Kano suka zo da sana'ar suka zauna a nan, kuma karofinsu rijiya goma sha biyu gare shi. Ni ban tarar da ko ɗaya tana aiki ba. Na buɗe ido na ga an cike su da shara, daga baya aka yi gini a kan tara. Da kakata ta rasu, Allah ya ji ƙanta, ana rabon kayanta aka ciro wani tsohon turkudi a gindin adaka. Ba wanda ya so shi, sai na ɗauka. Launinsa ya wuce shuɗi, bai kai baƙi ba, in ka juya shi a rana kuma sai wani ja-ja ya gilma kamar wuyan tattabara. Na ce lallai sai na zana wannan launi. Sati uku ina gauraya fentin bututu, duk abin da na haɗa in na ajiye shi kusa da ƙyallen sai ya zama kamar gawa. Nan tambayar ta tsaya mini a wuya: me ke jikin wannan tsumma da babu shi a bututu?

Sai na nemi wani tsoho da ya yi yaron marina a hannun kakana. Ranar farko ko kallon kirki bai yi mini ba, a ganinsa ɗan boko ne ya zo ya ɗauki hoto ya tafi. Sai da na yi zuwa biyar, ina kai goro ina zama a gefen tabarma, sannan bakinsa ya buɗe. Shi ya koya mini yadda ake kirɓa ganyen baba a dunƙula a shanya, da yadda ake tace ruwan toka, da amfanin katsi, wato lakar da ke kwantawa a gindin rijiya wadda ake ƙonawa a sake mayarwa. Na haɗa nawa a duro a bayan gida. Na farko ya ruɓe, wari ya hana maƙwabta shan iska, uwargida ta ce in zaɓa, ko ita ko duron. Na biyu bai kama ba sam. A na uku na ɗauko tsohon a bayan babur. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ya tofar, ya ce tokata ba ta da kaifi, kuma ina damun ruwan da motsi kamar mai dama kunu, marina kuwa mai jego ce, hutu take so.

Da na koma ga littattafai sai na tarar abin da harshen tsohon ya gano shi ne masana ke aunawa da na'ura. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai ƙananan halittun da ido ba ya gani sun cinye iskar da ke cikin ruwan, toka kuma ta ba shi kaifi, sannan shunin ya sauya kama ya narke ya ratsa zare. Shi ya sa ƙyalle ke fitowa daga rijiya kore-kore, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi kana kallo. Yawan motsi iska yake mayarwa ciki, ya kashe aikin. Shi kuma ƙyallin nan na turkudi daga mabuga yake zuwa, inda ake ƙara masa garin shuni ana bugunsa a kan gungume har ya kwanta ya yi sheƙi. Ashe launin da nake nema rabinsa rini ne, rabinsa duka. Ina bututu zai same shi?

Na kuma bi sawun abin da ya kashe rijiyoyin. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe, mu kuma abin ya iso mu sannu a hankali tare da atamfa da yadin kanti. Ilimin ya yi ƙarancin da wani mai fasaha ɗan Mali, Aboubakar Fofana, sai da ya dangana da Japan don ya cike abin da ya tsinta a wajen tsofaffin ƙasarsa.

Zane goma sha biyun da ka ji, rijiyoyin kakana ne. Na auna bakin ɗaya daga cikin ukun da suka rage, na sa masaƙi ya saƙa mini fari, na fitar da da'ira goma sha biyu daidai faɗin bakin. Ta farko sau ɗaya na tsoma ta, ta fito kamar sararin sama da hantsi. Ta ƙarshe sau arba'in, sannan na buge ta da hannuna har kafaɗa ta yi tsami. Tara daga ciki na shafe rabinsu da siminti, saboda ginin da ya hau kansu. Babu fuskar kowa a ciki. Amma da gwaggona ta shigo ɗakin aikina ta tsaya gaban ta ƙarshen, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe a tsaye, ta fita ba ta ce uffan ba.

Ba kowane bincike ne ke bi ta tabarmar tsofaffi ba. Barthélémy Toguo, ɗan Kamaru da aka haifa a 1967, ya yi karatu a Abijan da Grenoble ta Faransa da Düsseldorf ta Jamus, kuma yawan tsayuwa gaban jami'an kan iyaka ya sa ya zuba wa hatimin da ake buga wa fasfo ido. Sai ya shiga sassaƙa manya-manyan hatimai na itace masu siffar kai da kafaɗun mutum, ya yanka kalmomi a gindinsu, ya shafa tawada ya buga a takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Ngeli, tsakanin Kusuri da Njamena, da takarda a hannu yana jiran a buga masa, ba sai an fassara masa wannan aikin ba.

TAMBAYA, daga wata mai ɗinki a Kusuri: Yaya, ina koya wa 'yan mata ɗinki da zanen lalle. Suna son gwada zane a takarda, amma fentin kanti ya fi ƙarfinmu, kuma sai an tsallaka Njamena. Akwai wata dabara?

AMSA: Ƙanwata, rashin sani ne, kaza ta kwana kan dami. Fentin yana ƙarƙashin takalminku. Ku fita bayan gari da leda ku ɗebo ƙasa iri-iri: ja, rawaya, fara, da baƙar lakar nan ta fadama inda ake dasa masakwa, wadda mu a nan muke kira muskuwari. Kowace iri da bokitinta. A jiƙa, a dama sosai, a ƙirga zuwa talatin don yashi da tsakuwa su kwanta, sai a tsiyaye ruwan da ya yi kauri a wata roba. A bar shi ya kwana. Da safe za ki ga ruwa garau a sama, laka mai laushi a ƙasa. A zubar da ruwan, a shanya lakar, in ta bushe a niƙe ta da gindin kwalba a kan tayil har ki daina jin gurza.

Abin da zai riƙe garin a takarda shi ne ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada. Awo ɗaya na ƙaro, biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya narke a tace da ƙyalle. Kada ki raina shi. Cadi na cikin manyan ƙasashen da ke fitar da ƙaro zuwa waje bayan Sudan, kuma shi ɗin dai ne ke cikin fentin ruwa da ake dawo mana da shi a 'yan akwatuna da tsada. In ƙaro ya yi yawa fenti zai tsattsage, in ya yi kaɗan zai bi yatsa. Ɗigon zuma ɗaya na hana tsagewa. Na ce ɗaya, domin ni na taɓa sakin hannu, da safe na tarar tururuwa sun cinye mini rabin zane, sun bar hanyoyi kamar taswira.

In kuna son ja mai duhu, ku gasa rawayar ƙasa a kasko, za ta juya ja saboda ƙarfen da ke cikinta. Baƙi kuma zuge ko baƙin gindin tukunya. Akwai wanda ya fi su kama takarda: a jiƙa bagaruwa a jefa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, bayan kwanaki ruwan zai yi baƙi ƙirin, kuma ba ya wankuwa. A wajen majema da dukawa na ga yadda bagaruwa da ƙarfe ke wannan aikin a jikin fata. Karan dafi da ɗan ruwan kanwa na ba da jan da ake rina fata da shi. Zoɓo kam kada ya ruɗe ku, ranar farko amarya ne, bayan wata guda ya koɗe ya zama toka-toka. Duk launin da kuka haɗa ku shafa a takarda, ku rufe rabi da kwali, ku ajiye a taga wata ɗaya, sannan ku buɗe ku gwada. Na ƙasa ba ya gudun rana. Zanen shanu da mutane da ke jikin duwatsun Ennedi na ƙasar Cadi, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, da irin wannan jar ƙasa da fara aka yi su, ga su nan bayan dubban shekaru.

Kuma tunda kuna bakin kogi, ki kwashi 'yan matan wata rana ku tsallaka Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kusa da Njamena, su ga yadda mata ke yi wa bangon gida ado da ƙasa. Gani ya kori ji.

TAMBAYA, daga wani dattijo ɗan kasuwa a Ngaundare: Malam, shekaruna sun haura sittin. 'Yar autata ta gama sakandare ta ce zane za ta karanta. Abu biyu ke damuna. Na taso ina jin cewa mai yin hoto yana cikin azaba ranar gobe. Sannan ban taɓa ganin wanda zane ya riƙe wa gida ba. Ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah.

AMSA: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya shirya zuri'a. Fatawa aikin malamai ne, kuma Ngaundare ba ta rasa su ba, ka kai maganar gaban wanda ka amince da shi. Ni abin da zan faɗa shi ne abin da na tarar lokacin da wannan tambayar ta hana ni barci. Hadisan gargaɗi ga masu yin surori suna nan a Buhari da Muslim. A cikinsu akwai labarin mutumin da ya zo wajen Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin surori yake ci, shi kuma bayan ya gargaɗe shi sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya, mazhabar da muka tashi a cikinta, sun bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle. Sun tsananta a kan na farko, sun sassauta a kan na biyu. Wasu malaman ba su yarda da sassaucin ba. Ni na zaɓi in tsaya inda ba jayayya, kuma filin bai taɓa yi mini ƙunci ba.

Ka duba rigar da ka sa ranar Juma'a, Baba. Wani ne ya zauna ya zana aska takwas ɗin nan a kan yadi kafin allura ta bi. Ka tuna allon zayyana da aka yi wa yaranka ranar sauka, da dagin da magina ke fitarwa a goshin zaure, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Duk wannan aikin ido ne da hannu da lissafi, irin wanda 'yarka ke son koya. Sunan ne kawai ya sauya da ya shiga aji.

Akwai wani dattijo ɗan Sudan da nake son ta san labarinsa, Ibrahim El-Salahi. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje aikinsa, mutanen gari ba su ga abin da ya shafe su a ciki ba. Sai ya koma ga abin da ya baro a gidan ubansa, wato harafin Larabci da lanƙwasar alƙalami da adon da ke jikin kayan gida. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba tare da shari'a ba, a can ma yana zane a ɓoye a kan guntayen takarda. Daga baya ya yi jerin zane masu yawa a kan itacen da mutanen Sudan ke kira haraza, gawonmu ke nan, mai kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya ware masa baje kolin aikin rayuwarsa. Ba zan ɓoye maka ba, shi yana zana fuskoki ma. Amma ka ga inda ƙarfin aikinsa ya fito: daga allo.

Maganar riƙe gida kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Sayar da zane kaɗai ba ya ciyar da iyali a arewacin nan. Ni ina koyarwa kwana uku a mako, ina rubuta allunan shaguna, kuma akwai shekarar da zane biyu kawai na sayar. Tun da rikicin Boko Haram ya kori masu yawon buɗe ido daga Waza da Rumsiki, dukawa da masu sassaƙa na kasuwar sana'ar hannu ta Marwa suka ji a jikinsu, mu ma haka. Sai dai wanda ya karanci zane yau ba bango kaɗai yake jira ba. Akwai tsara zanen yadi, da tambarin kamfanoni, da hotunan littattafan yara, da adon gine-gine, da aikin gidajen adana kayan tarihi, kuma yawancinsu da kwamfuta ake yi, don haka ka sa mata sharaɗin ta koye ta. Makarantu akwai: ta Fumban a ƙarƙashin Jami'ar Dschang, da ta Nkongsamba a ƙarƙashin Jami'ar Duwala. In kana da dangi a Najeriya, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tsoho ne. A garin ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da abin gida.

Kafin ka ce e ko a'a, ka ce ta kawo maka littafin da take zane a ciki. In ka ga shafi uku masu tsabta da aka yi don a nuna wa baƙi, sha'awa ce, za ta wuce. In ka ga littafi ya yi dauɗa, an zana buta ɗaya sau ashirin ana gogewa ana gyarawa, to Baba ka sa mata albarka, ka nema mata masauki na mutunci.

TAMBAYA, daga wani direban babbar mota mai bin hanyar Garwa zuwa Duwala: Malam, duk sanda na shiga Duwala ina wuce wani ƙaton mutum-mutumi a shataletalen Deido, an haɗa shi da tarkacen ƙarfe. Yaron motata ya ce wai fasaha ce. Ni dai bola na gani a tsaye. In haka ne ai duk 'yan gwangwan masu fasaha ne.

AMSA: Direba, Allah ya kiyaye hanya. Ba kai ka fara ba. Joseph-Francis Sumégné ne ya yi shi, aka kafa shi a 1996, tsayinsa mita 12, kuma cibiyar fasaha ta doual'art, wadda aka buɗe a 1991, ita ta ɗauki nauyin aikin. Ma'anar sunan mutum-mutumin Sabon 'Yanci. Lokacin da aka ɗaga shi mutanen gari da yawa sun yi ta suka, yau kuwa in za a nuna Duwala a hoto shi ake fara ɗauka.

Ka fi ni sanin garin. Tashar jirgin ruwa ce da tsofaffin motocin Turai ke sauka, jama'a da yawa da gyara da walda da sayar da kayan gyara suke ci. Mutumin ya tashi yin alamar 'yanci a irin wannan gari, bai aika an sayo masa farin dutse daga waje ba, ya haɗa ta da abin da garin ke rayuwa da shi. Ɗan gwangwan sikeli ne ke yi masa zaɓi, duk ƙarfe ƙarfe ne. Shi kuwa wannan kowane guntu sai da ya duba inda zai zauna. In ka samu cunkoso a wurin, kuma za ka samu, ka leƙa ta gilashi ka ga ko za ka gane sassan mota nawa.

El Anatsui, ɗan Gana da ya shafe shekaru yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da marafan kwalaben giya yake aiki. Ana baje su a huda a ɗinke da wayar jan ƙarfe har su zama wani ƙaton mayafi mai sheƙi da ke rufe bango. Yara da yawa ke taya shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bai zaɓi marafan don sun fi arha ba. Giya na cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna musaya, har da bayi, kuma wannan tarihin yake ɗinkewa. An ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa a babban baje kolin Venis a 2015, kuma an sayar da aikinsa sama da dala miliyan ɗaya. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Ibrahim Mahama na Tamale shi kuma tsofaffin buhunan koko yake tarawa, waɗanda suka gama yawo suka koma ɗaukar gawayi, a ɗinke su a lulluɓe gini sukutum.

Inda na yarda da kai shi ne nan: tun da labarin kuɗin ya bazu, kowane yaro a ajina marafan lemo yake kawo mini. Nakan tambaye shi me ya haɗa shi da murfin, sai ya yi shiru. Wannan kam bola ce, ko an rataye ta a bango.

TAMBAYA, daga wata malamar makaranta a Njamena: Malam, yaushe za ka kawo aikinka nan mu gani? Kuma me kake yi yanzu?

AMSA: Malama, na gode. Njamena ba ta ba ni tsoro, iskarmu ɗaya. Kudu ce ta koya mini hankali. Na taɓa naɗe aikina na hau mota zuwa Ngaundare, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na ƙarasa Duwala. Masu wurin suka jingina mini shi a wani ɗaki mara taga har kwana goma kafin a rataye. Da aka buɗe, fumfuna ta yi fure a kan duk inda ƙaro da zuma suka taɓa. In Allah ya yarda bayan sallah zan shigo da 'yan ƙanana, waɗanda za su shiga jaka.

Yanzu kuwa ƙura nake tarawa. Wannan hazon da ke sa mu tari, mai yawansa daga ƙasarku yake tasowa, daga kwarin Bodele a arewa, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi ƙasa. Kwarin gindin tafki ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya haura murabba'in kilomita 300,000, a 1963 kuwa wajen 25,000 ne, kin kuma san yadda ya ja baya bayan farin shekarun 1970 da 1980. Farar ƙurar ta Bodele ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta a gindin wancan tsohon tafki. Na kai ɗan kaɗan wajen wani abokina mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, muka duba a madubin ƙara girma, cikin yashi da ɗiddigar ciyawa sai ga wasu gutsattsari masu huji-huji kamar rariya. Wato abin da uwargida ke sharewa daga kan tabarma kowace safiya, tana mita, tafki ne.

Na jera faranti shida a kan rufi, duk Juma'a nakan tattara da gashin kaza in zuba a kwalba in rubuta rana. Ta makon da hazo ya yi nauyi fara ce sol, ta sauran makonni ja-ja ce, ta unguwa. In na haɗa farar da ƙaro ba ta fitowa a farar takarda, sai a kan ƙyallen da ya sha baba sosai, don haka duron nan ya koma bakin aiki, maƙwabta sun sake haƙuri. Matsalar ita ce abin da na tara tun farkon sanyi bai cika kofin shayi ba.

Saboda haka ina roƙo. Wanda ke Njamena ko Mao ko Faya ko Abeshe, ya ɗora faranti mai tsabta a kan rufi ko katanga na mako guda, ya zuba abin da ya taru a kwalbar magani da aka wanke ta bushe, ya rubuta sunan gari da rana, ya ba direban da ke zuwa Marwa ya ajiye mini a ofishin mujalla. Kada a sharo daga tsakar gida, wannan ƙurar ƙafa ce. Ta sama nake so.